Daga Kainji Zuwa Rufin Kwano: Tarihin Neman Wuta A Ƙauyukanmu

'Yan'uwa, na tabbata ba wanda ya manta da ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da kusan Arewa gaba ɗayanta ta shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Tun da farko an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin da ake zagayowa da shi ta Inugu da Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Shi ke nan, daga Sakkwato har Maiduguri ba abin da ake ji sai kukan janareto. A nan Potiskum kowa ya ɗanɗana. Masu walda sun rufe shago, masu ƙanƙara sun yi ta kirari da farashi, teloli masu keken wuta sun koma taka ƙafa, mai niƙa kuwa ya ce wa mata kuɗin gas ne ba laifinsa ba.

To amma duk wanda ya zaga gari da daddare a kwanakin nan ya ga wani abu. Nan da can akwai gida ko shago ko masallaci da fitilarsa ke ci garau, ba ƙara ba hayaƙi. In ka ɗaga kai da safe sai ka ga baƙin faranti a kan rufin kwano. Mutanen ƙauye kuwa da suka shigo cin kasuwa, su dariya ma abin ya ba su, don a wurin da yawansu ba abin da aka ɗauke. Ai ba a ɗauke abin da ba a taɓa kawowa ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwaya baya, mu bi diddigin yadda aka yi ta ƙoƙarin kai wuta karkara, da dalilin da ya sa wasu yunƙurin suka mutu tun suna jarirai, wasu kuma suka rayu. Maganar ta shafe mu kai tsaye. Iyayenmu da kakanninmu fatauci ne ya kawo su wannan gari na Bolawa da Ngizimawa da Karekare, suka bi hanyar Kano zuwa Maiduguri suka yada zango, musamman bayan 1924 da aka dawo da fadar Fika nan Potiskum gari ya fara buɗewa. Har gobe arzikinmu a ɗaure yake da ƙauyukan Nangere da Fika da Fune, inda gero da wake da gyaɗa da shanu ke fitowa. Ban da wannan, kusan kowannenmu yana da wani ƙauye a Kano ko Katsina ko Jigawa ko ƙasar Damagaram da yake kira gida, kuma yakan aika da ɗan abin da ya samu.

WUTA TA BI KUƊI

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, tun asali ba don talaka aka kawo lantarki ƙasar nan ba. A Ikko aka fara kunna ta a 1896, don hasken gidajen Turawan mulki da titunan da suke bi. A Arewa kuwa kuza ce ta jawo ta. A 1929 kamfanin NESCO ya kama aikin samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra da ke ƙasar Filato, don injinan haƙar kuza. Ka ga ke nan wutar da ba ta cin mai ba baƙuwa ba ce a Arewa, ta kusa shekara ɗari. Sai dai waya ta tsaya inda kuɗi ya tsaya. A sauran manyan garuruwa akan kafa injin gas ne, ya ba bariki da asibiti da gidan sarki da 'yan kantuna, sauran gari kuwa aci-balbal da fitilar ƙwai.

A 1951 hukumar ECN ta fara aiki don ta haɗa waɗannan ƙananan tashoshi a hannu ɗaya. Bayan samun mulkin kai aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, aka fara ginin Kainji a 1964 zamanin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968. Ƙarfinta megawat 760. An tashi mutane wajen dubu arba'in da huɗu daga gidajensu da gonakinsu a ƙasashen Yawuri da Borgu kafin ruwa ya kwanta, har tsohon garin Bussa ya nutse. Abin takaici, da yawa daga ƙauyukan gefen tafkin sun daɗe suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta bisa kansu zuwa birane, su kuwa suna hura aci-balbal. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu aka samu NEPA, sunan da har yau yara ke kira da ihu in an kawo wuta, ko da yake ita kanta hukumar ta daɗe da zama tarihi. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990.

Yanzu mai karatu ya ɗauko taswira ya duba. Dukkan madatsun nan uku a yammacin tsakiyar ƙasa suke. Kafin wutarsu ta iso mana sai ta bi Kaduna, ta hau Jos, ta gangaro Gombe, sa'an nan ta ƙaraso Potiskum. Wato mu a wutsiyar waya muke. Duk abin da ya samu layin a hanya, ko iska ce ta kada turke, ko ɓarawo ne ya kwance ƙarfe, mu ne za mu fara ji kuma mu ne na ƙarshen warkewa. To in gari irin namu yana wutsiya, ina ga ƙauyen da ke kilomita talatin daga kwalta?

Lissafin a fili yake, ba sai an je makaranta ba. Jan waya kilomita ɗaya kuɗinsa ɗaya ne, ko gida dubu za ta ba wuta ko gida ashirin. Ga kuɗin falwaya, ga na taransifoma, ga albashin wanda zai riƙa zuwa karɓar kuɗi. Ƙauyukanmu kuwa a warwatse suke, nan gida talatin, can rugar Fulani, can kuma tunga. Abin da za a karɓa a wata ba zai biya ko man babur ɗin ma'aikaci ba. Shi ya sa duk hukumar da ke sayar da wuta take jan ƙafa in an zo maganar karkara, ko ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa.

Gwamnatoci sun yi nasu yunƙurin, ba za a ce ba su yi ba. Lokacin da kuɗin fetur ya yi yawa a shekarun 1970, jihohi sun kafa hukumomin kai wuta karkara, suka girke manyan injinan gas a wasu garuruwa. A 1981 gwamnatin tarayya ta fito da shirin haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da babban layi. A 1986 kuma gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI, da alkawarin hanya da ruwa da wuta a ƙauyuka. Sai dai a wannan shekarar ce dai aka karya darajar naira, kayan gyaran inji da ake sayowa waje suka yi tsadar da ba ta kamuwa. Injin da ya lalace sai ya kwanta ke nan, kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauye ya san falwayar nan da ke tsaye jere babu waya a kanta, ko taransifomar da aka sauke gab da zaɓe aka yi biki, har yau ba a haɗa ta da komai ba. Ko a nan kusa da mu, madatsar Daɗin Kowa da ke Gombe an gina ta tun shekarun 1980, amma injinanta na megawat 40 sai bayan shekara talatin da ɗoriya suka fara ba da wuta.

WAƊANDA SUKA FARA DUBAN RANA

Shi farantin sola a Amurka aka ƙirƙiro shi, a ɗakin binciken kamfanin Bell, a 1954. Da farko tsadarsa ta sa ba mai iya saye sai masu harba tauraron ɗan'adam. Yadda yake aiki kuwa, hasken rana ne ke faɗa wa wani sinadari da ake tacewa daga yashi, ya motsa wuta a cikinsa. Haske yake so, ba zafi ba. Hasali ma zafi mai yawa rage masa ƙarfi yake yi, abin da da yawanmu ba su sani ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗaya daga cikin wurare na farko a duniya da aka gwada wannan faranti a ƙauye, maƙwabciyarmu Nijar ce. A 1968 aka fara amfani da shi don kunna talabijin na koyar da yara a makarantun karkara, inda babu waya kuma batura na cin kuɗi. Nijar ta riga ta kafa ofishin binciken makamashin rana tun 1965, mai suna ONERSOL, kuma daga 1969 wanda ya jagorance shi shi ne Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan fanni. Shi da ma'aikatansa sun ƙera tukwanen dafa abinci da na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana a nan cikin Yamai, ba wai sayowa suka yi ba. Ra'ayinsa shi ne ƙasashen Sahel su koyi ƙera kayan da kansu, kada su zauna jiran jirgi. Ya rasu a 1991, kuma sunansa ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Ina ganin yaranmu sun cancanci su san wannan suna kamar yadda suka san na 'yan ƙwallo.

Farin da aka yi a 1973, wanda dattawanmu ba sa son tunawa, shi ya juya hankalin mutane ga ruwa. A Mali wani malamin coci Bafaranshe mai suna Bernard Verspieren ya kafa ƙungiyar haƙa rijiyoyi a yankin San, kuma a 1977 aka kunna famfonsu na farko mai aiki da rana a ƙauyen Nabasso. Wannan famfo shi ne kakan rijiyoyin burtsatse masu sola da muke gani yanzu ko'ina a Yobe.

A gida Nijeriya kuwa Sakkwato ce ta yi gaba. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar da ake kira Usmanu Ɗanfodiyo yanzu, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa shugabanta kafin ya riƙe hukumar makamashi ta ƙasa. Cibiyar ta girke farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat 7.2 a ƙauyen Kwalkwalawa da ke kusa da jami'ar, ta kuma kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada. Da ma'aunin yau waɗannan ƙanana ne, wani attajirin ma abin da ke kan rufin gidansa ya fi haka. Amma a wancan zamani ganin ƙwan lantarki na ci a ƙauyen da ba waya abu ne da ake tasowa daga nesa a zo kallo.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Jigawa. Zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta haɗa hannu da gwamnatin jihar da hukumar ba da agaji ta Amurka, suka zaɓi ƙauyuka uku, ciki har da Ahoto da Wawan Rafi. An kammala aikin a 2004. Ba fitila kaɗai aka kai ba. An sa famfon ruwan sha, da firjin ajiye allurar rigakafi a ɗakin shan magani, da haske a makaranta da masallaci da bakin titi, aka kuma gina rumfunan sana'a inda tela da wanzami da mai gyaran rediyo za su samu wuta. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne an koya wa 'yan ƙasa gyara, kuma an ce masu amfani su riƙa biyan wani abu. Masu aikin sun riga sun gano inda gizo ke saƙa.

Ita kuwa iska, labarinta a taƙaice yake. Gonar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka ɗauko maganarta. An sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamba 2012, aiki ya tsaya, aka yi ta sa ranar buɗewa ana ɗagawa shekara da shekaru.

INDA GIZO KE SAƘA

To, me ya sa bayan duk wannan gwaje-gwaje ƙauyuka suka ci gaba da zama cikin duhu? Rana dai ba ta yi rowa ba. Yankinmu na Arewa maso Gabas shi ya fi ko'ina samun hasken rana a ƙasar nan, kowa ya shaida a jikinsa cikin watan Afrilu. Faranti ma ba shi da laifi, don mai kyau yakan yi shekara ashirin zuwa ashirin da biyar yana aiki, ba abin da yake buƙata sai a share masa ƙurar hunturu. Matsalar tana ga batir.

Rana da rana take, mu kuwa da dare muke son haske. Dole a tara wutar a wani wuri. Batir mai ruwa irin na da, in ya yi ƙoƙari ya yi shekara uku zuwa biyar, a zafinmu kuwa sau da yawa ba ya kai haka, balle in ana tatse shi kullum har ya mutu murus. Ranar da ya mutu, sai a nemi kuɗin da ya kai kaso mai tsoka na abin da aka kashe tun farko. Wa zai biya? Baturen da ya kawo agaji ya rubuta rahotonsa ya koma. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa. Shugaban ƙaramar hukumar da ya yanke ƙyalle ya sauka, wanda ya gaje shi kuwa ba ya gyaran aikin wani, sabo yake son bayarwa. Mutanen gari da aka ce musu kyauta ce daga gwamnati ba su tara ko sisi ba, kuma ba a ce su tara ba. Sai fitila ta fara dusashewa, daga ƙarfe goma ta koma ɗaukewa ƙarfe takwas, wata rana a wayi gari babu. Bayan 'yan watanni wani ya hau da dare ya kwance farantin. A nan ake cewa sola ƙarya ce, alhali batir ne ya cika kwanansa kamar yadda aka san zai cika.

Fitilun titi masu sola da 'yan majalisa suka yi ta rabawa a mazaɓu su ne babban misali. Kowa ya ƙirga na unguwarsu ya ga nawa ke ci bayan shekara uku.

Kwatanta wannan da rijiyar burtsatse. Ita famfonta ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Rana na fitowa ya fara turo ruwa sama, rana na faɗuwa ya tsaya, tankin da ke bisa ƙarfe shi ne ma'ajiyar. Ruwa ake tarawa maimakon wuta. Shi ya sa a cikin duk kayan sola da aka kai karkara, famfon ruwa ya fi daɗewa yana aiki. Kuma ko a nan ma, in ka bincika za ka tarar rijiyar da ke da kwamiti, ana karɓar 'yan kuɗi a kan jarka ko a kan garken shanu ana ajiyewa, ita ce ke tashi in famfo ya ƙone. Wadda aka bari ta kowa da kowa, ranar da ta tsaya mata sun koma guga.

Waɗansu ƙasashe sun gane haka da wuri. A Bangaladash, ƙungiyar Grameen Shakti ta fara sayar wa manoma ƙananan na'urorin sola bashi a 1996, ana biya kaɗan-kaɗan, kuma mai gyara yana nan kusa don in na'ura ta tsaya mai ita ba zai biya ba. Daga 2003 gwamnati ta shigo da tallafin Bankin Duniya, aka sa wa gidaje fiye da miliyan huɗu. A Kenya kuma kamfanin M-KOPA ya zo da dabarar biya ta wayar hannu: ka tura kuɗin yau fitila ta kama, ka gama biya ta zama taka.

KASUWA TA YI ABIN DA OFIS YA KASA

Abin da ya sauya al'amari a ƙasarmu ba daga ofishin kowa ya fito ba. Abubuwa ne suka haɗu. Na farko, Sin ta shiga ƙera faranti da yawan gaske, farashi ya rushe. Abin da ake saye fiye da dala 70 a kan wat ɗaya a 1977, zuwa 2020 bai kai rabin dala ba. Na biyu, ƙwan fitila na zamani ya fito, wanda da wat 9 yake ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, don haka ƙaramin faranti ma ya isa ya haska ɗaki. Sai kuma wayar hannu da ta shigo a 2001. Wannan ita ce ta sa mutumin ƙauye ya fara neman wuta da kuɗinsa, ba don ado ba. Makiyayi yana son ya ji farashin sa a Potiskum kafin ya koro shi. Tsohuwa tana son ta ji muryar ɗanta da ke Ikko. Da can sai a tara wayoyin ƙauye a leda a ba yaro ya kai caji ranar kasuwa, a wurin mai ɗan janareto. Yau sai ka ga faranti kamar faifai a jingine jikin bukka, ko a ɗaure a bayan jaki in ana ƙaura.

Wa ya kai musu? 'Yan kasuwa. Daga Sabon Gari ta Kano a loda, a sauke a nan, 'yan tireda da masu babur su shiga da shi Ngalda da Gadaka da Dawasa da sauran kasuwannin mako. Da yawan masu wannan sana'a 'ya'yan wannan ƙungiya tamu ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mutumin da ya sayar da akuya ya sayi faranti ba ya bari ƙura ta rufe shi.

Masifa ma ta taka rawarta. A Janairu 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, babban birni kamar Maiduguri ya shafe watanni masu yawa babu wuta, ana gyarawa suna sake fasawa. Sai da aka gina wa garin tashar gas ta kansa mai megawat 50, aka buɗe a 2023. A tsakanin nan duk mai hali ya koma sola. Kamfanin raba wuta na Yola, wanda Yobe ke ƙarƙashinsa, an sayar da shi a 2013 tare da sauran, amma masu sayen suka mayar wa gwamnati a 2015 saboda rashin tsaro, sai daga baya aka sake sayarwa. Wanda ke fama da riƙe birane, yaushe zai tuna da tunga? Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manoman rani da ke ban ruwa da injin fetur a fadamu su suka fara lissafi, da yawansu suka koma famfon sola.

Gwamnati ma ta canza salo. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta haifar da hukumar kai wuta karkara ta tarayya, wato REA. A 2016 aka fito da ƙa'idojin ƙaramar tashar gari. Ma'anarta, kamfani ya zo ƙauye ya shimfiɗa faranta a fili guda, ya gina ɗakin batura, ya ja waya gida-gida, ya sa wa kowa mita, a riƙa sayen wuta kamar katin waya. Gwamnati takan biya wani kaso na kuɗin ginin, amma gyara da canjin batir na kamfani ne, daga kuɗin da yake karɓa. A 2018 Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 350 don wannan shiri, aka buɗe tashar farko a ƙarƙashinsa a ƙauyen Rokota na Jihar Neja a Disamba 2019. A Disamba 2023 bankin ya amince da wasu dala miliyan 750. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, kuma an sa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a zagaye na biyu na wannan shiri na jami'o'i. Duk da haka, a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar layi, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Ita ma ƙaramar tashar tana da nata ciwon. Kamfani riba yake nema, don haka garin da ke da kasuwa da injin niƙa da masu walda yake so, inda za a sha wuta da rana a biya. Ƙauyen da ba abin da za a kunna sai ƙwai biyu da cajin waya ba ya jan hankalinsa. Kuɗin wutar ma yakan fi na layin gwamnati, ko da yake bai kai na janareto ba. Dokar lantarki ta Yuni 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu.

Saura magana ɗaya, kuma tamu ce, don haka zan faɗe ta ba kwana-kwana. Kasuwar nan da ta kai haske inda gwamnati ta kasa, ita ce kuma ke cike da algus. Akwai farantin da aka manna wa takardar wat 300 alhali ko 200 bai kai ba. Akwai tsohon batir da aka wanke aka fesa wa fenti aka sa a sabon kwali. Akwai yaron da ya yi wata biyu yana riƙe wa maigidansa tsani, ya fito ya ce shi injiniya ne, ya haɗa wa mutane da siririyar wayar da ke zafi kamar garwashi. Wanda ake cuta kuwa galibi baƙauye ne da ya sayar da buhun wakensa, bai iya karanta abin da ke jikin kwali ba, amana kawai ya ba mai shago. In kayan suka mutu bayan wata shida ba zai ce kamfanin Sin ne ya cuce shi ba. Cewa zai yi Bahaushen nan na kasuwa. Mu da muke zaune a garin mutane shekara da shekaru da sunan amana, wannan suna ba namu ba ne mu kaɗai da za mu yi wasa da shi.

Na'urar auna ƙarfin faranti da batir ba ta fi kuɗin buhun masara ba. Masu sayar da kayan sola a cikinmu za su iya haɗa kuɗi su ajiye guda a wuri sananne, duk wanda ya saya a gwada masa a gabansa kafin ya ɗaura a babur. Haka kuma masu niyyar kai sola masallaci ko ɗakin shan magani na ƙauyensu, kafin su biya kuɗin faranti su tambayi nawa ne batir, shekara nawa zai yi, kuma a hannun wa za a riƙa ajiye kuɗin canza shi. Sabon batirin nan na litiyam ya fi mai ruwa tsada a ranar saye, amma yakan ninka shi daɗewa, kuma ba ya buƙatar a riƙa ƙara masa ruwa. Tsohon kuma da aka cire, kada a bar yara su fasa shi a tsakar gida. Dalma ce a ciki, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, can ta hanyar haƙar zinariya. Masu sayen tsofaffin batura suna nan suna yawo da kura, a miƙa musu shi a rufe yadda yake.